Cigiyar Ilyasu

Kwana tara ke nan da Ilyasu ya ɗauki akwatin zaɓe zuwa garin Sae Sabuwa, bai dawo ba. Wansa Muttaka, mai gyaran sauti a gidan rediyo, kullum yakan tace sautin cigiyarsa, yana rage shuuu don sunan ya fita fes.

Daren nan sai ga Ilyasu tsaye gaban makirofo, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rani ake.

"Yaya, ka ce wa Inna ta daina ajiye mini tuwo."

"Kai, ina ka shiga haka?"

Bisa sabo, Muttaka ya dubi allurar na'urar auna sauti. Ko kukan gyare yana ɗaga ta. Ilyasu kuwa yana ta magana, allura tana kwance.