Hoton da Aka Cire Daga Katin Ziyara

Malamin horo ya shekara goma sha ɗaya a makarantar kwana ta 'yan mata, bai taɓa kama ko ɓarawon sabulu ba. Shi ma bai musa. Amma ranar Alhamis ɗin da uwar ɗalibai ta ajiye masa wani kati a kan tebur, ya ƙudurta sai ya ga ƙarshen maganar.

Kowace ɗaliba tana da kati mai hoton wanda zai ziyarce ta. Ba hoto, ba shiga. Ziyara jibi ce, ga shi an cire hoton mahaifin wata 'yar aji ɗaya da ake kira Auta. Wata uku ba ta ga kowa nata ba. Tana tsaye a bakin ƙofa, tana share hanci da hannun riga.

"Daina kuka, 'yata. Babanki zai shigo," in ji shi, da ƙarfin halin da bai san yana da shi ba.

Katunan suna cikin akwati a ofishin uwar ɗalibai. Ɗalibai biyu ke shiga: mai sharar ofis, sai yayar Auta, 'yar ajin ƙarshe, wadda ke jera katunan.

Ya fara da mai shara, don sun yi faɗa da Auta a kan bokiti.

"Ke kika cire?"

"Malam, ni in na ji haushin mutum, a bakin famfo muke gamawa. Me zan yi da hoton tsoho?"

Ya ɗaga katin ya duba a hasken taga. Babu inda ya yage. An miƙe ƙarfen da ya riƙe hoton a hankali, an kuma mayar da shi. Ya sallame ta, ya sa aka kawo masa akwatin. Ya bi katuna ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya, shayinsa ya huce sau biyu, sannan ya aika a kira yayar.

"Ubanku ɗaya da Auta?"

"Ɗaya ne, Malam."

"To ina hotonsa a katinki?"

Ya tura mata katinta, shi ma babu hoto a jiki.

"Ke ke jera katunan nan. Ƙanwarki ta cika makaranta da kuka, ke naki ya ɓace ko tari ba ki yi ba. Kuma mai jin haushi yagewa yake yi. Wanda ya zauna yana lallaɓa ƙarfe don kada ya taɓa fuskar, yana jin nauyin mai fuskar ne."

Ta zaro hotuna biyu daga cikin littafin lissafi.

"An sauke ni daga muƙamin shugabar ɗaki tun watan jiya, Malam. Baba kuwa ya gama faɗa wa duk dangi ni ce shugaba. In ya shigo zai ji."

"Shi ya sa ƙanwarki za ta ƙara wata uku?"

Ta sunkuyar da kai. Ya sa ta mayar da hotunan da hannunta, ya ce ita za ta tari mahaifin a ƙofa ta faɗa masa da bakinta, kafin wani ya riga ta.

Ranar Asabar malamin horo ya sa sabuwar riga, ya tsaya kusa da ƙofa don ya ga amfanin aikinsa. Mahaifin ya iso da jaka a kafaɗa, Auta ta sheƙa da gudu ta ƙanƙame shi, yayar na biye tana jan ƙafa.

Maigadi bai buɗe katin kowa ba.