Wayar da ta Kwana a Rumbun Malam Ilu

Tun da aka kafa garin Ƙaraye ba a taɓa wulaƙanta ɗan Adam kamar yadda aka wulaƙanta Malam Ilu na Unguwar Hajji ba. Haka dai shi yake faɗa, yana gyara karin hularsa a madubi. Mutumin da ke sasanta miji da mata kafin shayi ya huce, wai shi 'yar cikinsa za ta tsallake, ta kai kukanta wurin gilashin waya!

'Yar tasa Munawwara ta zo wankan jego ne daga Rogo, haihuwar fari. Tun ranar suna barci ya ƙaurace mata. Jinjiri na motsawa sai gabanta ya faɗi, ta kasa kunne a ƙirjinsa, ta hau kuka. Mijinta Bahauddeen ne ya haɗa ta da wata Malama Jamilatu, mai ba masu damuwa shawara ta waya. Duk la'asar sai ta zauna gindin rumbu, inda netwok ya fi kamawa, ta lumshe ido.

"Ja numfashi a hankali," in ji Malama. "Tuno inda zuciyarki ta fi sakewa."

Sai ta ga kanta a bayan babur ɗin Bahauddeen, gonakin gyaɗa sun sha ruwa, ƙasa na ƙamshi, mayafinta na kaɗawa har Rogo. Ta buɗe ido da murmushi. Murmushin nan shi ya fi ƙona ran Malam Ilu, tunda ba shi ya kawo shi ba.

Ran nan tana banɗaki, ya kashe wayar ya cusa a rumbu, kuma shi ya fi kowa zafin nema. Sannan ya ja yayarsa Goggo, mai yi wa Munawwara wanka, gefe.

"Yaya, kin san likitar mahaukata yaron nan ya haɗa ta da ita? Jininmu fa yake zagi!"

Goggo ta saki ganyen darbejiya. "Mu? To ko an yi arba'in, ba inda za ta koma!"

"Goggo, wallahi ba hauka ba ne, sitires ne, damuwa ce kawai!" Munawwara ta fashe da kuka. "Shi kaɗai ya gane halin da nake ciki!"

Kwana shida Bahauddeen na zuwa, ya cire takalmi ya tsuguna a zaure. "Baba, in na yi laifi a yafe mini. Lafiyarta kawai nake nema." Ba a bar shi ya gan ta ba. Ita kuwa ko kunun kanwa ta daina sha.

Ran na bakwai Malam Ilu ya ƙudura sai ya ja wa Malamar nan kunne. Ya ciro wayar da la'asar, yana kunnawa kira ya shigo.

"Ke ce mai ƙwace wa mutane 'ya'ya?"

"Barka da yamma, Baba. Kwana shida ina neman Munawwara. Amma na ji muryarka da nauyi. Kai yaya zuciyarka?"

Ya zame ya zauna a ƙasa. Shekara huɗu da rasuwar Turai, uwar Munawwara, ba wanda ya yi masa wannan tambaya. Sai ya hango ta zaune gindin rumbun nan tana ɓarar gyaɗa, tana yi wa karin hularsa dariya.

"Uwarta ta tafi," ya ce, hawaye na bin gemu. "In ita ma ta daina buƙatata, ni mene ne amfanina?"

"Ilu!" Goggo ce tsaye a kansa, Munawwara na bayanta da goyo. "Wayar da ka sa muka ɗage tabarmi muna nema?"

Munawwara ta durƙusa. "Baba, shawara take ba ni. Uba kuwa kai kaɗai gare ni."

Goggo da kanta ta leƙa zaure, inda Bahauddeen ke tsugune. "Shigo, ɗan albarka. Mu muka yi maka laifi."

Ranar arba'in Munawwara ta hau bayan babur, mayafi na kaɗawa kamar yadda ta riƙa gani. Haƙurin Bahauddeen ya mayar masa da iyalinsa, gidan kuma ya gane damuwa ciwo ce kamar zazzaɓi, neman maganinta ba abin kunya ba ne.

Malam Ilu kuwa, duk Talata yana gindin rumbu da sabuwar waya, yana magana da Malama Jamilatu. In an tambaye shi sai ya gyara hula.

"To, ni na ɓoye wayar, ni na ƙirƙiri zancen, ni na kusa kashe auren. Amma ku faɗi gaskiya, wa ya gano wayar?"