Sunan Sharu a Sanarwar Situdiyo

Da hantsi Inna Ikilima tana tankaɗe a tsakar gidanta da ke Tarai, sai ta saki rariyar ta tsaya cak tana saurare. Babu abin da ke tashi a unguwar sai kukan awaki, amma ita kukuma take ji. Shekara goma sha huɗu ke nan da mijinta, Sharu mai kukuma, ya rasu a haɗarin mota yana dawowa daga wani biki, kuma har yau kiɗansa bai bar kunnenta ba. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne yadda suka rabu ran nan. Ta gaji da yawon bukukuwansa, ta bi shi har zaure ta ce in ya fita kada ya dawo. Bai kuwa dawo ba.

A wannan hali 'yarta Mufida ta same ta. Ta durƙusa tana wasa da gefen mayafi, ta yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ta ce akwai wani a Rano mai suna Salahuddeen da ke son turo magabatansa.

Ga yadda suka haɗu. Salahuddeen mawaƙi ne, yana da ɗan situdiyon ɗaukar waƙa, ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara, yana neman makaɗi da 'yan amshi. Masu irin wannan nema sukan jera sunayen mawaƙan da suka sha a wurinsu, don mai zuwa ya san irin tafiyar da za a yi tun bai cire takalmi ba. Samari duk mawaƙan birni suke jerawa. Shi kuwa da ya rubuta tasa sanarwar, ya manna a ƙofa ya kuma watsa a waya, sai ya sa Sharu mai kukuma na Tarai a kan gaba. Abokansa suka yi ta tsiya, wai sai dai tsofaffi su zo masa da sanduna.

Mufida ta ga sunan mahaifinta a waya. Ranar kasuwa ta je don kawai ta ga wane ne wannan. Ya sa mata wani tsohon kaset da ya gada wurin kakansa, ta ji muryar da rabonta da ita tun tana 'yar shekara shida. Ba ta san lokacin da ta karɓi amshin ba, hawaye na zuba. Salahuddeen ya kashe rediyon ya zuba mata ido, kuma daga ranar zancen ya wuce na waƙa.

Da Inna ta ji sana'ar yaron, ta kuma ji sunan wanda yake bin sawu, sai fuskarta ta canza.

"Na yi wa mawaƙi ɗaya takaba, Mufida. Ba zan zauna in ga kin yi wa wani ba. Kada ki ƙara kawo mini zancen nan."

Mufida ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta ɗaga wa uwarta murya ba. Ta daina zuwa Rano. A waya ta roƙi Salahuddeen ya goge sunan, ya sa na 'yan birni kamar kowa, ko Inna za ta sauko. Sai ya ce:

"Wallahi ina son ki, kin sani. Amma in na goge, na yi wa duk mai zuwa ƙarya, na yi wa Inna ƙarya, don hannuna ba zai daina kiɗan babanki ba. Mu yi haƙuri."

Ta kashe wayar da fushi, ta ce a ranta ya fi son takarda a kanta. Sai da ta kwana biyu ta yarda gaskiya ya faɗa, duk da gaskiyar ba ta rage mata ciwo ba.

Damina ta zo ta wuce. Masu fiyano biyu sun leƙa situdiyon ba tare da sun karanta sanarwar ba, da suka ji kukuma suka ce wannan ai kiɗan kakanni ne, suka kama gabansu. Takardar ƙofa ta sha ruwa har ta koɗe, Salahuddeen ya sake rubuta ta yadda take. Inna kuwa abin ya ƙaru, har a kan sallaya takan ji kiɗan, ta rame tana cewa zazzaɓi ne.

Bayan girbi sai ga wani dattijo mai ɗingishi a ƙofar situdiyon, da kalangu a rataye. Ya ce sunansa Mato, daga Zurgu, wani tela ne ya karanta masa sanarwar. Shi ne makaɗin Sharu, suna cikin motar tare. Tun ranar bai sake kaɗa kalangu ba, bai kuma taka Tarai ba, don shi ne ya je ya ɗauko Sharu daga gida, yana jin kunyar haɗa ido da iyalinsa. Da Salahuddeen ya ba shi labarin Mufida da uwarta, dattijon ya ce lokaci ya yi da zai je Tarai.

Inna ta gane muryarsa tun daga sallama. Ta fito zaure. Suka gaisa, suka yi wa mamaci addu'a, sannan ta yi tambayar da ta danne shekara goma sha huɗu: da fushinta ya tafi?

"Fushi? Ikilima, dariya yake yi tun daga ƙofar nan," in ji Mato. "Ya ce mana yau uwargida ta kore shi, sai ya koma da abin lallashi. A hanyar dawowa waƙa yake haɗa miki, muna amsawa. Ita ce a bakinsa lokacin da haɗarin ya auku."

Ya rera ta a hankali, ba kiɗa, da tsohuwar muryarsa mai rawa. Baiti uku ne kacal, don iyakar inda Sharu ya kai ke nan. Inna ta zame jikin bango ta zauna, ta yi kukan da ko ranar rasuwar ba ta yi irinsa ba. Mufida ta riƙe ta ita ma tana kuka.

Da ta natsu ta tambayi Mato yadda aka yi ya tuna da su bayan tsawon shekarun nan. Ya ce ai bai taɓa mantawa ba, ƙarfin hali ne ya rasa, sai da ya ji wani yaro ya rubuta sunan Sharu a ƙofa bai ji kunya ba. Inna ta share ido da bakin zane, ta dubi 'yarta.

"Ki ce ya turo magabatansa. Ajali ba ya tambayar sana'ar mutum, ni ce na ɗora wa kukuma laifin da nake ganin nawa ne."

Aka ɗaura aure kafin azumi. Da Salahuddeen ya goge sunan nan don neman yarda ta gajeriyar hanya, da Mato bai zo ba, da Inna ta mutu tana zaton da fushinta mijinta ya tafi. Kada mutum ya ɓoye wanda ya koya a wurinsa don ya samu shiga, kuma wanda iyaye suka ce wa a'a ya yi biyayya ya jira, kamar yadda Mufida ta yi. Inna har yanzu takan ji kukuma in gida ya yi shiru, sai dai yanzu takan bi ta da amshi.