Na'urar da Aka Kwashe wa Ciki

Da hantsi Sufeton 'yan sanda ya isa asibitin fata, ya tarar da Likita zaune ta tasa wani ɗan akwati fari a gaba, idonta jawur.

Na'ura ce mai sakin lantarki kaɗan, ana ɗora wayoyinta kan tsiron nan na fata da ƙwayar cuta ke kawowa, wanda ake kira tusar jaki, a hankali ya bushe ya faɗi.

"Sata aka yi, ga kuma abin a gabanki?" in ji Sufeto.

Ta ɗaga murfin. Babu komai a ciki sai batir, da 'yar fitila, da guntun ƙarfe da aka liƙa don nauyi.

"Fitilar na kamawa, Yallaɓai. Ashe iska nake ɗora wa marasa lafiya."

"Wa ke gyara ta?"

"Yayana. Tare muka haɗa ta. Amma shi kam cire shi daga zargi, shi ya yi min karatu."

Sufeto ya duba kusoshin murfin. Ko ƙwarzane babu. Wanda ya kwance su ba baƙonsu ba ne.

A benci ya sami wata mai kitso tana ɓoye yatsu cikin mayafi.

"Da can ina jin tsikari kamar tafiyar tururuwa," ta ce. "Sati biyar ke nan shiru. Ga hannuna, abin sai yaɗuwa yake, duk masu kitsona sun gudu."

"Kin gaya wa wani?"

"Na gaya wa injiniyan da ke gyara ta, ranar da ya zo da jakarsa. Ya ce jikina ne ya saba."

Da azahar Sufeto ya je shagon Yayan, Likita na biye da shi. Mutumin ya tarbe su da fara'a, har da goge musu kujera.

"Rabona da asibitin nan wata uku," ya ce.

"To wa ya ce wa mai kitso jikinta ne ya saba?"

Fara'ar ta ɗauke. Sufeto ya sa kofur ɗin da ya rako shi ya buɗe durowar teburin. Ga kayan cikin na'urar naɗe a tawul, tare da takardar yarjejeniyar sayar wa wani kamfani fasahar, ɗauke da sa hannun Yayan.

"Yaya?" in ji Likita. "Kai?"

"Shekara huɗu ina ƙona yatsuna a kanta," ya ce, bai ɗago ba. "Kika tsaya gaban manyan likitoci kika ce ke kika ƙirƙira. Ina zaune a baya, ko nuna ni ba ki yi ba."

"Sai ka huce a kan marasa lafiya? Da ka zage ni, da ka mare ni!"

"Sau uku na zo miki da maganar. Kika ce in jira a tashi aiki."

Kofur ya sa masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Likita ba ta bi shi da kallo ba. Hannu ta miƙa za ta ɗauki tawul ɗin, Sufeto ya riga ta.

"Ki yi haƙuri, shaida ce. Sai kotu ta gama da ita."

"Gobe da safe mutum sha ɗaya ke jirana, Yallaɓai. Me zan ce musu?"

Sufeto ya naɗe tawul ɗin, ya nufi mota.