Haɓar Kande

A wani zamani can da, fari ya ƙafar da rijiyoyi duka, sai tafki ɗaya a hannun birai. Mutane sun taɓa harbe musu ɗa, sai biran suka kafa doka: mai haɓa ba ya ɗiba. Da haɓa suke gane mutum, don shi kaɗai ke da ita.

Kande ta bar uwarta kwance, ƙishirwa na neman ranta. Ta naɗe haɓarta da gyale, ta ɗauki tulu.

Birai suka kewaye ta suna ta faɗin, "Mai haɓa ba ya ɗiba." Tsohonsu ya matso har tana jin numfashinsa.

"Yarinya, me kika rufe?"

Ƙaryar ciwon haƙori ta zo mata har bakin harshe, ta haɗiye ta. Ta kwance gyalen.

"Haɓa ce, Baba. Uwata ke kwance."

Ya shafa haɓar da yatsa. "Me kuke yi da ita?"

"Ban sani ba. Haka Allah ya yi mu."

Ya daɗe yana dubanta.

"Duk wanda ya zo nan, wai haƙori ke masa ciwo," in ji shi. "Cika tulunki. Ki gaida mai jiki."