Ruwan Batir a Kwata

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo tsakar gidan mai caji, ya fasa kofin da ke hannunsa. Na biyu ya tsaga goshin matarsa. Aka leƙa waje, babu kowa.

Bawan Allahn nan aikinsa cajin baturan motocin ɗaga kaya ne a wani babban sito. Ƙa'idar aikin kuwa ya san ta sarai: batir ya cika, ya huce, sannan a ƙara masa ruwa. Ran nan yana saurin tashi, sai ya ƙara ruwan tun kafin ya jona wuta. Batirin ya ɗau zafi, ya tafasa, ya yi ambaliya. Ya ja tiyo ya kora wannan ruwa mai cin nama cikin kwata, rana na faɗuwa, ko bisimilla bai yi ba.

Kwana uku ana jifan gidan. A na huɗu 'yarsa budurwa ta ajiye cokali, ta shaƙe uban da hannu ɗaya, ta maka shi da bango. Sai da maƙwabta huɗu suka danne ta, tana ta kai wa idanunta yakushi.

Aka ɗauko wani tsohon malami. Ya zauna ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe. Can sai wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Tsoho, rage surutu. Ko haƙora ba ka da su."

"Waɗanda suka rage sun ishe ka. Me ta yi maka?"

"Ubanta ne. Muna zaune a kwata ya kwara wa ɗana ruwan wuta, ya makance. Idanunta nake so."

"Bai gan ku ba."

"Sai an ga mutum ake neman tsari?"

Mai caji ya rarrafo, jini na bin wuyansa. "Malam, gangancina ne. Ya ɗauki nawa."

Matar ta riƙe masa riga, ya cire hannunta a hankali.

"Ɗaya," in ji malam. "Iyali gare shi."

"Biyu."

"Ɗaya, ko in ɗora karatu har ka ƙone."

Malam ya buɗe baki zai ɗora, muryar ta riga shi.

"Ɗaya."

Yarinyar ta yi atishawa ta sulale. Uban ya dafe idon dama yana birgima a ƙasa, warin ruwan batir ya turnuƙe ɗakin.

Da ta farfaɗo ta ce, "Baba, me ya sami fuskarka?"

Ya juyo da ɗayan idon ya dube ta da kyau. "Sha'anin aiki ne, uwata. Kina ganina?"

"Ras, Baba."

"To, ya isa."