Wutsiyar Waƙa

"Wa ya kashe na'urar?"

Muryar Baba ce, amma ban taɓa jin ta haka ba. Ƙasa-ƙasa take fita.

Na tsaya cak a ƙofar sutudiyo. Injiniya na durƙushe gaban tsohuwar na'urarmu, zaren kaset ya cukurkuɗe a yatsunsa, yana marmashewa kamar busasshen ganye.

"Ni ne, Baba. Waƙar ta ƙare, shi ya sa na..."

"Ta ƙare? Wa ya ce maka ta ƙare?"

Idona ya kai kan kwalin kaset ɗin. 

Kaset ɗin farko ne. Wanda muryar Mama take ciki.

"Tashi ka bar min wuri," in ji Baba. "Maganar 'yata kuma da ka zo min da ita, ka shafe ta. Wanda bai iya jira ba, ba zai iya riƙon mutum ba."

Injiniya ya ɗago ya dube ni. Wallahi da duniya da gaskiya da na tare masa, amma tsoron Baba ya hana ni. Ya fita, ni kuwa na zame jikin bango na fashe da kuka.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da aka rasa.

Babana mai gyaran rediyo ne tun asali. A bayan shagonsa akwai wani ɗan ɗaki na ajiyar tarkace, shi ya share, ya manna kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu a bango, ya fara ɗaukar waƙa. Mutane suka riƙa cewa "mu je bayan shago", har sunan ya bi kamfanin. Bayan Shago! Haka ake bugawa a jikin kowane kaset namu. Mawaƙan da manyan kamfanoni suka raina, nan suke zuwa. Wasu su yi suna su gudu, in duniya ta juya musu baya su dawo, Baba ya buɗe ƙofa kamar jiya suka rabu.

Doka ɗaya gare shi: in waƙa ta ƙare ba a kashe na'ura sai wani ya yi magana. Abin da ya shiga bayan waƙar, tari ne, dariya ce, tsaki ne, shi muke kira wutsiya. Ana yanke ta kafin a kai kasuwa, amma tana nan a uwar kaset, wato wanda ake kwafa daga gare shi.

A wutsiyar kaset ɗin farko, Mama ce ta turo ƙofa ba ta sani ba, ta yi magana, ta yi dariya. Ta rasu ina rarrafe. Duk duniya nan kaɗai muryarta ta rage. Ina ƙarama Baba ya taɓa kunna min, daga nan ya kulle shi don kada zaren ya gaji. Dariyar kawai nake iya tunawa.

Da zamani ya koma waya, ni na matsa wa Baba ya ɗauki wanda zai juye tsofaffin waƙoƙinmu a kwamfuta. Haka Injiniya ya shigo mana, dogo, marar hayaniya, kunne kamar na zomo. "Manaja" yake ce min don tsokana. Ranar da ya fara cewa "Manajar zuciyata" sai da na jefe shi da murfin biro, amma har na isa gida ina murmushi ni kaɗai.

Ban taɓa gaya masa zancen muryar Mama ba. So nake ya ji da kunnensa, ni kuma in kalli fuskarsa. Kun ji wautar masoya!

Akwai kuma Mai Tabarau, tauraron kamfaninmu na yanzu, wanda ko a cikin ɗaki ba ya cire baƙin gilashi. Ya daɗe yana min shisshigi ina kakkaɓe shi. Shi ya san abin da ke cikin kaset ɗin sarai, don a gaban Baba ya girma.

Washegarin lalacewar kaset ɗin, da safe, ya same ni ina goge kanta.

"Haba gimbiya, daina zubar da hawayenki a kan bare. Na gida ai shi ya san darajar gida."

"Kana wurin lokacin da abin ya faru?"

Ya gyara zaman tabarau.

"Ni? Wucewa kawai na yi."

Ko da ya fita na kira Injiniya a waya.

"Gaya min gaskiya, me ya sa ka kashe?"



"Zaren ya tsufa, Manaja, ina jin yadda yake kuka a cikin na'ura. Da waƙar ta ƙare Mai Tabarau ya ce in tsayar, wai sauran shuu ne kawai, kar in wahalar da shi. Na tsayar. Ina mayar da shi baya na'ura ta cinye ƙarshen."

"Munafuki! Bari in je in gaya wa Baba!"

"A'a. Hannuna ne ya danna. Kuma ko Baba ya kore shi, zai dawo miki da muryar Mama?"

Na sake fashewa da kuka.

"Kar ki yi kuka, abar ƙaunata, kukanki ya fi min korar ciwo. Tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar da Baba ya fitar da kaset ɗin farko, ya riga ya iya yanke wutsiya?"

Na miƙe zumbur.

Bai iya ba! Shi da bakinsa yake ba da labari yana dariya, cewa zubin farko da wutsiyarsa ya shiga kasuwa, sai daga baya ya koyi yankewa.

Nan muka bazama neman kaset ɗin da ya girme ni.

Muka fara da tsohon dillalin kaset ɗinmu, wanda yanzu caja da murfin waya yake sayarwa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kaset? 'Yan nan, ai da su jikokina suka yi wasan mota!"

Muka bi masu tsofaffin kaya, muka zazzage buhuna, ƙura ta shiga mana hanci har muka koma atishawa bi da bi. Mun sami kaset ɗin har kala-kala, amma duk zubin baya ne. Waƙa na ƙarewa sai ƙat, shiru.

Muka je wurin Goggo Zabiya, wadda ta rera waƙar. Ba goggona ba ce ta jini, amma ita ta goya ni bayan rasuwar Mama. Ta tsufa, murya ta dusashe, baki kuwa yana nan da kaifinsa. Ta ƙare wa Injiniya kallo sama da ƙasa.

"Kai ne mai saurin hannun?"

"Ni ne, Goggo."

"To Allah Ya shirye ka. Amma ka fi wancan mai idon ƙwaron kyan gani." Ta juyo gare ni. "Nawa kaset ɗin ruwa ya ci shekarar da rufin nan ya zuba. Ku nemi makaɗina. Shi ko tsinke ba ya yarwa."

Makaɗin ya daɗe da ajiye ganga, motar haya yake ja. Kawu Direba muke ce masa. Muka same shi a tasha da rana tsaka yana jiran layi, a cikin wata mota da ƙofarta sai da igiya take rufuwa.

"'Yar Bayan Shago! Ke ce kika zama mace haka?"

Na gaya masa abin da ya kawo mu. Ya nuna rediyon motar da haɓa.

"Yana ciki. Ya maƙale tun shekarar da na sayi motar, ya ƙi fita ya ƙi juyawa. Masu gyara sun ce sai an fasa, na ce a fasa kan wa? Gangata ce a ciki."

Injiniya ya naɗe hannun riga. 

"Manaja, in wannan ma ya tsinke a hannuna..."

"Ba zai tsinke ba, masoyina. A hankali. Ba inda za mu."

Layin Kawu ya zo ya wuce, fasinjoji na ta masifa, ya ce su hau ta baya. Injiniya ya kwance rediyon ɗungurungum, ya bi shi ƙusa bayan ƙusa, gumi na ɗiga daga haɓarsa ina share masa da bakin mayafina. Can sai ga kaset ya fito, fari ya koma ruwan ƙasa, zarensa lafiya lau.

Bai yarda mun kunna a nan ba.

"A gaban Baba za a ji. Sau ɗaya zai juya, kwamfuta tana naɗa."

Muka biya muka ɗauko Goggo. Da muka shiga sutudiyo, ita a gaba, Kawu a baya, Mai Tabarau na zaune kusa da Baba yana zuba. Baba ya haɗe rai.

"Ban ce kar in sake ganin..."

"Kai, rufe mana baki ka buɗe kunne," in ji Goggo. Duk duniya ita kaɗai ke gaya masa haka.

Waƙa ta tashi. Muryar Goggo ta ƙuruciya, gangar Kawu, har ƙarar tsohuwar fankar ɗakin. Ta yi ta tafiya har ta kai ƙarshe.

Shuu...

Injiniya ya ɗauke hannuwansa daga kan na'ura, ya maƙale su a bayansa.

Sai ƙarar ƙofa.

"Au! Ɗauka kuke yi?"

Dariyar nan! Mama ce, wallahi ita ce! Na toshe bakina da hannu biyu.

Ashe da saura, abin da ƙuruciya ta mantar da ni.

"To ku rage gangar nan don Allah. Tun da kuka fara ɗan cikin nan nawa yake ta rawa, ya hana ni sakat."

Goggo ta rungumo ni. "Ke ce fa, ja'ira. Tun a ciki kike da rawar kai."

Ina kuka ina dariya. Baba ya juya mana baya yana fuskantar bangon kwalayen ƙwai, kafaɗunsa na girgiza. Kawu ya share ido da hularsa, sannan ya dubi Mai Tabarau.

"Kai da aka kunna wa kaset ɗin nan kana yaro, kai ne ka ce shuu ne kawai?"

Dama tun a hanya na ba Kawu labari, ban ɓoye masa komai ba. Mai Tabarau ya yi wuƙi-wuƙi, wai ana jiran sa a waje. Bai sake dawowa ba.

Baba bai yi wa Injiniya magana ba ranar. Amma bai kore shi ba.

Bayan 'yan kwanaki Goggo ta ce ita fa sai ta sake rera waƙar kafin ta mutu. Kawu ya kakkaɓe gangarsa ya zo. Injiniya ya zauna gaban na'ura, ni ina gefensa, Baba na kan tsohuwar kujerarsa. Muryar Goggo na karyewa tana gyarawa, haka ta kai ta har ƙarshe.

Ɗakin ya yi tsit.

Jar fitilar ɗauka na ci. Injiniya bai motsa ba. Goggo ta kame baki, abin da ban taɓa gani ba. Kawu ya dafe fatar ganga. Zuciyata kuwa bugawa take kamar za ta shiga makirfo.

Shirun ya yi tsawo, Injiniya bai ko kalli maɓallin ba.

Baba ya yi gyaran murya.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Ka turo manyanka."

Na sunne kai a kafaɗar Goggo, ita kuwa ta kwashe da dariya har da tari.

"In kashe yanzu, Baba?" in ji Injiniya.

"Bar ta tukuna," in ji Baba. "Ba mu ji ta bakin Manaja ba."

Kowa ya juyo gare ni. Kunya kamar in nutse! Na matsa kusa da makirfo, na ce a hankali, "Na yarda, Baba."

Wannan wutsiyar ba a yanke ta ba. Baba ya ce da ita za a fitar da waƙar.